Sayen Injin Yankan Ciyawa Tokumbo Don Sana'a: Ƙarami, Mai Bel, Ko Haidiro?

Sana'ar gyaran lambu da yankan ciyawa ta samu gindin zama a Abuja, kuma tana ƙara yaɗuwa a Kaduna da Jos da Kano. Rukunonin gidaje, otal-otal, makarantun kuɗi, asibitoci da wuraren biki duk suna son koren fili, amma ba kowa ke son ɗaukar lebura na dindindin ba. Yawancin masu shiga sana'ar da langalanga suke farawa, daga baya su sayi injin nan da ake ratayawa a kafaɗa. Sai a kai matakin da kwastoma zai ce shi fa so yake ciyawarsa ta fita sumul, tsayi ɗaya, ba tudu ba kwari. Injin kafaɗa ba ya ba da haka, komai gwanintar mai riƙe da shi. Daga nan ake fara neman injin da ake bi a baya, kuma da yake sabo na 'yan sana'a ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, sai hankali ya koma kan tokumbo.

Ra'ayina shi ne, injin da ya dace da kai shi ne wanda in ya tsaya ranar Talata a tsakiyar watan Agusta, bakaniken unguwarku da mai walda za su iya tayar da shi kafin Laraba ta ƙare. Da wannan nake auna kowane inji da za mu tattauna. Ba'amurke mai irin sana'arka yana da dila a garinsu, ya je da safe ya karɓo bel ko boris ya koma aiki. Kai kuwa in abu ya karye kuma babu shi a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Apo ta Abuja, sai ka jira a aiko maka daga Legas, wani lokaci ma daga ƙetare, ciyawa kuma tana ta tsiro, kwastoma yana ta kiran waya.

Abu na farko da ake yawan ruɗar mai saye a kai shi ne bambancin injin gida da injin sana'a. A ido kusan duk ɗaya ne: ja ko kore, tayoyi huɗu, buhu a baya. Amma injin gida an ƙera shi ne don magidanci ya yanka harabarsa sau ɗaya a mako, awa guda ya mayar da shi gareji. Na sana'a kuwa an yi shi ne ya wuni yana aiki. Ɗauki Honda misali. Waɗanda lambarsu ta fara da HRR ko HRN ko HRX na gida ne, injinsu GCV. Na sana'a shi ne HRC216 a Amurka, ko HRH536 a Turai, dukansu da injin GXV160, wanda aka sa wa silindarsa rigar baƙin ƙarfe don ta jure dogon aiki. Haka a wajen Toro: TimeMaster na gida ne, TurfMaster na sana'a, ga su kama da juna kamar me. Mai sayarwa zai iya rantse maka cewa nasa na kamfani ne, wani lokaci ma shi kansa bai san bambancin ba. Ka duba lambar da ke jikin farantin injin, ka ɗaga shi ka ji nauyi. Na sana'a mai faɗin inci 21 yakan haura kilo 50, tayoyinsa suna da boris, kaskonsa kuma, wato murfin ƙarfen da wuƙa ke juyawa a ƙarƙashinsa, yana da kaurin da in ka ƙwanƙwasa za ka ji.

Wannan ƙaramin, mai inci 21 ko santimita 53, shi nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan masu farawa, kuma zan daɗe a kansa. Harabobin gidajenmu ba shimfiɗaɗɗun filaye ba ne. Guntayen ciyawa ne a tsakanin intalok, gefen katanga, zagayen bishiyar dabino ta ado, bayan ɗakin janareta. Ƙaramin inji yana shiga duk waɗannan lunguna. Mutum biyu suna ɗaga shi su sa a but ɗin mota ko a adaidaita sahu. Yana da buhun tara ciyawa, wanda ke rage maka shara, kuma masu gida da yawa ba sa son ganin yankakkiyar ciyawa kwance a harabarsu. Man da yake sha bai wuce lita ɗaya da ɗan wani abu a awa ba, abin da ya zama babbar magana tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Ga kuma wata falala da ta shafe mu kai tsaye. GXV160 ɗan'uwan GX160 ne, injin da ke jikin famfunan ban ruwa a fadamu da injinan markaɗe da ƙananan janaretoci. Girmansu ɗaya, cc 163, faɗin fistin milimita 68. Bambancin shi ne karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin inji: na yankan ciyawa a tsaye yake, na famfo a kwance. Ba dukkan kayansu ke shiga juna ba, kafireto ma ya bambanta, amma duk bakaniken da ya saba da injin ban ruwa ba zai tsaya yana kallonsa kamar baƙo ba. Sai dai a sani cewa Honda ta daina ƙera injinan yankan ciyawa masu fetur a masana'antarta ta Amurka a shekarar 2023. Kayan injin kansa za su daɗe ana samu, amma kayan jiki irin su kebul da giyar taya da kulocin wuƙa na HRC216 za su riƙa ƙara wuya a hankali. Saboda haka in ka ga guda biyu, ɗaya lafiyayye ɗaya matacce mai araha, sayen mataccen don ciro kaya ba asara ba ce. Toro da Exmark su ma suna da na sana'a mai inci 21, galibi da injin Kawasaki FJ180V, wanda ƙarfinsa ba a magana, sai dai kayansa sun fi na Honda wuyar samu a kasuwanninmu.

Raunin ƙaramin inji guda ɗaya ne babba, kuma ƙasarmu tana tone shi. Wuƙarsa a jikin karanshaf take kai tsaye. In ta daki dutse ko guntun rodi ko bulon da magina suka binne a ƙarƙashin ciyawa, bugun yana tafiya cikin injin. In an yi sa'a, ɗan makullin da ke riƙe da fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman injin, shi ne zai katse, gyara mai sauƙi. In ba a yi sa'a ba, karanshaf ya lanƙwashe, injin ya riƙa karkarwa har hannunka ya mutu. Duk wanda ya yi aiki a sababbin rukunonin gidaje na Abuja ko a ƙasar Jos mai duwatsu ya san yawan tarkacen da ke kwance a cikin ciyawa. Don haka kafin ka biya, ka zare hular fulogi, ka karkata injin ta yadda ɓangaren kafireto zai kalli sama, ka juya wuƙar da hannu a hankali kana kallon ƙusar tsakiya. In tana rawa, ko kuma bakin wuƙar biyu ba sa wucewa ta wuri ɗaya a jikin kasko, to akwai magana. Wataƙila wuƙar ce kawai ta lanƙwashe, wataƙila karanshaf ne. Ka sa a ɗaura wata wuƙar a sake gwadawa. In mai kaya ya ƙi, ka wuce.

Tsakanin ƙarami da manya akwai mai inci 30, irin su TurfMaster da takwaransa na Exmark. Yana burge mutane don ya fi faɗi kuma har yanzu yana da buhu. Amma wuƙaƙensa biyu ne da ke juyawa bisa saiti, wani bel mai haƙora ne ke hana su karo. In bel ɗin ya tsallake haƙori bayan dukan dutse, sai su riƙa sarar juna. Bel ɗin kuma ba irin wanda za ka samu a wajen masu kayan injin niƙa ba ne. Ni ba na ba mai farawa shawarar sa, sai in ya zo da bel na ajiya.

Manyan su ne masu inci 36 da 48, har zuwa 52 da 60, na kamfanoni irin su Scag da Exmark da Toro da Ferris da Gravely. Su ne ainihin abin da 'yan sana'a a Amurka ke nufi in sun ce injin bi-baya. Abin da ke jan mutum zuwa gare su lissafi ne mai sauƙi. Ƙarami mai santimita 53, in kana tafiyar kilomita 4 a awa, zai share murabba'in mita 2,100 a takarda. In ka cire juyawa da zubar da buhu, ka ce 1,700. Mai inci 36, wato santimita 91, a tafiyar kilomita 6 zai ba ka kusan 5,500 a takarda, mai inci 48 kuma 7,300. Filin ƙwallo cikakke, mita 105 da 68, murabba'in mita 7,140 ne. Ke nan aikin da ƙarami zai kwashe sama da awa huɗu yana yi, mai inci 48 zai gama shi cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Man da babban ke sha a awa ya ninka na ƙarami wajen sau uku, amma da yake yankansa ma ya ninka haka, abin da za ka ƙona a kan fili ɗaya bai bambanta sosai ba. Ribar tana cikin lokaci da ladan ma'aikaci.

To amma juya lissafin zuwa gidan mutum. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 gaba ɗayansa murabba'in mita 465 ne, kuma gini da wurin ajiye mota sun cinye mafi yawansa. Ciyawar da ta rage, ƙarami zai gama da ita cikin minti goma. Babban inji a nan ba abin da zai ƙara maka sai wahala. Nauyinsa daga kilo 200 ne zuwa sama, ba ya ɗaguwa da hannu, dole sai a-kori-kura da katakon hawa masu ƙwari. In ba ka da motar, kuɗin hayarta kullum zai ci ribar. Ƙaramar ƙofar shiga bayan gida ma wani shinge ce. An yi mai inci 36 ne musamman don ya wuce ƙofar shingen gidajen Amurka, kuma ko shi sai an ɗaga marfin bakin fitar ciyawa yake shiga. Ka ɗauki tef ka auna ƙofofin kwastomominka kafin ka je kasuwa. Yawancin manyan ma ba su zuwa da buhu, gefe suke watsa ciyawa, sai ka bi da tsintsiya ko manjagara. Babban inji na mai kwangilar makaranta ne, ko filin wasa, ko wurin biki, ko dogayen gefen titi na cikin rukunin gidaje.

Suna da fifiko ɗaya da ya kamata a faɗa: wuƙaƙensu ba a jikin injin suke ba. Kowace tana da sandarta da gidan boris a kan kasko, bel ne ke kawo mata juyi. In ta daki dutse, abin da zai lalace wuƙa ce ko boris ko bel, injin yana can lafiya. A fili mai tarkace wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In ka tabbatar babba kake buƙata, sai babbar tambaya ta taso: mai bel ko haidiro? Mai bel yana da akwatin giya, galibi na kamfanin Peerless mai giya biyar, daga nan bel ɗaya ya tafi kowace tayar baya. Ka matse hannun dama, bel ɗin dama ya saki, birki ya kama, injin ya juya dama. Komai a fili yake, ido na gani. Fuli, sifirin, bel, birki: babu wanda bakaniken babur mai hankali ba zai gane ba. Bel ɗinsa na asali yana da zare mai ƙarfi na musamman, amma in ya tsinke a tsakiyar aiki za ka iya samun mai girmansa a wajen masu kayan injin niƙa ka lallaɓa, ko da ba zai yi ƙarko kamar na asali ba. Aibinsa kuma a fili yake. In ciyawa ta jiƙe, bel yana santsi, injin ya tsaya yana kuka taya ba ta juyawa, musamman a hawa. Mu kuwa kakar aikinmu ita ce damina, kuma da sassafe ake son farawa, lokacin da raɓa ba ta bushe ba. Ribas ɗinsa ma suna ne kawai; rabin ja da baya da ƙarfinka za ka yi. Mai wuni da shi yakan koma gida da ciwon tafin hannu saboda yawan matsa.

Haidiro kuwa famfo ne ke tura mai zuwa wata ƙaramar na'ura mai juya taya, da ake kira mota, a kowace tayar baya. Babu canjin giya, gudu yana ƙaruwa ko raguwa a hankali yadda kake so, ribas nan take, ruwa bai dame shi ba, kuma yana juyawa a inda yake tsaye. A gangare ya fi kama ƙasa. In ka ɗaura masa 'yar tayar nan da ake tsayawa a kai a baya, sai ya ja ka, ka huta da tafiya. Duk wanda ya yi mako da haidiro ba ya son komawa mai bel, wannan gaskiya ce. Amma a tokumbo, haidiro shi ne inda kuɗi ke nutsewa. Famfon da ya gaji ba ya nuna kansa in yana sanyi. Mai sayarwa zai tayar maka, ya zagaya sau biyu a kan siminti, komai lafiya lau. Sai ka kai shi aiki, bayan rabin awa mai ya yi zafi ya tsinke, sai ka ga taya ɗaya ta yi sanyi, injin yana karkata gefe, ko ya ƙi hawa ɗan tudu. Famfunan Hydro-Gear da motocin taya na Parker da ke jikin yawancinsu kaya ne masu kyau, amma ba a gyara su da guduma a gindin bishiya. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga lokacin kwancewa ta isa ta lalata aikin, sabo kuma sai an yi oda da dala.

Shi ya sa ba na yarda a sayi haidiro ba tare da gwajin zafi ba. Ka zo da fetur ɗinka, ka nemi a bar ka ka yi aiki da shi minti talatin cur, a kan ciyawa, sannan ka kai shi hawa. Ka saki hannu ka ga ko yana tafiya sak. Ka saurari kukan famfo: ɗan zuzu ba komai, amma kuka mai tsini da ke ƙaruwa in an ɗora masa nauyi alama ce. Ka buɗe tankin man famfon ka duba. Kumfa, ko launin madara, ko ƙyalƙyalin ƙarfe, kowanne dalilin fasawa ne. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko tiyo-tiyon suna tsatsa. In ya ci wannan jarrabawa kuma farashinsa bai yi nisa da mai bel ba, saye shi. Wani sauƙin ma shi ne wasu, kamar Scag, baƙin mai 20W-50 da ke ko'ina a ƙasar nan suke amfani da shi a famfon, wasu kuma 15W-50. Littafin injin zai gaya maka. In kuwa mai kaya ya ce ba a gwaji sai dai a tayar a kashe, ni mai bel zan ɗauka, in haƙura da santsinsa, in riƙa fara aiki bayan rana ta ɗan ɗaga.

Kaskon manyan iri biyu ne. Akwai kafaffe, wanda canja tsayin yanka a jikinsa sai an kwance wuƙaƙe an sauya zobban washa, an gyara tayoyin gaba, aikin minti ashirin da sifana. Akwai mai lilo, wanda ke rataye yana bin tudu da kwarin ƙasa, tsayinsa kuma da fil huɗu ake canjawa. In filayenka iri ɗaya ne, kafaffe ya wadatar, ya fi sauƙin nauyi da ƙarancin abin lalacewa. In yau kana kan kirikiri da ake so a aske ƙasa-ƙasa, gobe kana bayan makaranta inda tofa ta kai gwiwa, mai lilo zai rage maka ɓata lokaci. Kowanne ne, ka fi son wanda aka yi da farantin ƙarfe aka haɗa da walda, mai kaurin milimita uku da rabi zuwa huɗu da rabi, don in ya tsage mai walda zai ɗinke shi. Tsatsa a sama ba ta da illa. Wadda ta ci zagayen gidan boris ita ce matsala, don nan ne duk nauyin juyi yake. Ka kama bakin kowace wuƙa ka girgiza sama da ƙasa; in ta yi ƙwas-ƙwas, boris ya tafi. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne, tun da boris ana samu. Na Scag yana da bakin ɗura giris, na Exmark a rufe yake ba a ɗura masa. A ƙurarmu na fi son wanda zan iya ɗura wa.

Injinan da ke kan manyan galibi Kawasaki ne, ko Kohler, ko Vanguard na Briggs & Stratton. Tsofaffin na shekarun 1990 sukan zo da Kawasaki mai silinda ɗaya irin FB460V ko FC420V, sababbi da mai silinda biyu irin FS481V mai cc 603. Mai silinda ɗaya da igiyar ja ya fi sauƙin sha'ani: ba batir, ba kik, ba wayoyi da yawa. Haka kulocin wuƙa na hannu ya fi na lantarki sauƙin gyara. Wasu suna da agogon da ke ƙirga awannin aiki. Ka duba shi, amma kada ka dogara da shi, don ana canja shi da sukudireba. Ka yi lissafi da kanka: injin da ke aikin awa 5 a rana, kwana 5 a mako, mako 30 a shekara, ya yi awa 750 a shekara ɗaya. Injin kamfani mai shekara shida da agogonsa ke nuna 300, ko dai ajiye shi aka yi, ko agogon ne sabo. Robar hannu da ta suɗe, ramukan fil da suka zama ƙwai, tayoyin gaba masu lilo, su ne agogon da ba ya ƙarya.

Ka je ganin inji da sassafe, ka taɓa salansa ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin zuwanka ba. Lafiyayye yana tashi a ja ɗaya zuwa uku. Ɗan hayaƙi a farkon tashi ba komai, musamman in an karkata shi a kwantena, amma shuɗin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan minti biyar yana nufin ringi ya gaji. In yana hawa yana sauka shi kaɗai, yawanci kafireto ne ya toshe. Fetur ɗin Amurka yana da haɗin etanol, kuma in ya kwana watanni a ciki yakan daskare ya zama danƙo. Wanki yana maganin wannan, don haka kada ya tsorata ka, amma ka sa shi cikin ciniki. Abin da ya fi waɗannan duka muhimmanci a wurina shi ne ka cire matacin iska ka shafa yatsa a maƙogwaron da ke bayansa. In yatsanka ya fito da ƙura, injin ya sha ƙasa, kuma ƙasa tana cin silinda a hankali har ya mutu. Wannan ya fi yawa a injinan da suka riga suka yi aiki a nan gida, inda ake wanke matacin takarda da fetur ko a huda shi. Bayan ka saya ma, a hunturu matacin iska ne zai fi komai cin kuɗinka, kuma bai kamata ka yi masa rowa ba.

Akwai ɗan bambanci tsakanin kayan Amurka da na Turai da ke shigowa ta Kwatano da Legas. Jikin yawancin na Amurka ƙusoshinsa na inci ne, sifanunmu kuma na milimita. In aka matsa musu da wanda bai dace ba, kan ƙusa ya murje. Ka sayi saitin sifana na inci tun ranar farko, duk da cewa injin Honda ko Kawasaki da ke kai na milimita ne. Na Turai, irin su HRH536 ko Etesia ta Faransa ko Sabo da AS-Motor na Jamus, duk milimita ne, kuma buhunsu ya fi iya kwasar jiƙaƙƙiyar ciyawa don an yi su ne saboda ƙasashe masu ruwa. Sai dai da yawansu kaskon alminiyam ne: ba ya tsatsa, amma in dutse ya fasa shi ba kowane mai walda ke iya ɗinke shi ba. Masu batir kuwa, a tokumbo, ka bar su inda ka gan su. Batirin da ya tsufa shi ne rabin kuɗin injin, ga kuma halin wutarmu.

Wani zai ce, me zai hana in sayi sabo ɗan Chaina da kuɗin? Tambaya ce mai ma'ana. Injinan Loncin da Lifan da ire-irensu sun yi kyau fiye da da, kuma kayansu suna ko'ina. Inda sabon mai araha ke gazawa shi ne jiki: siririn kasko, tayoyin roba marasa boris, giyar tuƙi da ba ta jure wuni. Ga mai gida uku ko huɗu zai iya fitar da damina. Ga mai gida ashirin, araha ba ta ado. Amma akwai hanya ta tsakiya da na ga tana da amfani ƙwarai: ka sayi jikin na sana'a wanda injinsa ya mutu, a farashin ƙarfe, ka ɗora masa sabon inji ɗan Chaina mai karanshaf a tsaye. Sai dai a auna kaurin karanshaf da tsawonsa da ramukan zama kafin a saya, don akwai mai milimita 22 da ɗoriya, akwai mai 25, akwai mai inci ɗaya cif, kuma fulin wannan ba ya shiga wancan. Dabarar ta fi tafiya a manyan masu bel da ƙananan marasa kulocin wuƙa.

Maganar da ba na so a ɗauka da wasa ita ce ta kariya. Bakin wuƙar waɗannan injina yana iya gudun da ya kusa kilomita 350 a awa. Tsakuwar da ta fito da wannan gudu tana fasa gilashin motar kwastoma, tana kuma tsiyayar da idon yaro. Yawancin tokumbo suna zuwa an cire marfin bakin fitar ciyawa, an kuma ɗaure hannun nan da ke kashe wuƙa in an saki da waya ko tef, don ma'aikatan can sun gaji da riƙe shi. Ka mayar da su duka kafin ka ba yaronka injin. Marfi mai walda zai yi maka, ko a yanka tsohon bel mai faɗi a ɗaura. Ka saya masa takalmin ƙarfe da tabarau da abin toshe kunne, kuma a zagaya fili a tsince duwatsu kafin a tayar da inji.

Farantin lamba ma ka tabbatar yana nan. Da lambar samfuri da lambar inji ne za ka sauke littafinsa da zanen kayansa a intanet, ka san ainihin bel da boris da wuƙar da yake ci. Wanda aka kankare lambarsa, ko da ba na sata ba ne, ya zama makaho a wajen oda. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar, musamman in daga hannun mutum ka saya ba daga shago ba.

Inda kake zaune ma yana cikin lissafi. A Abuja ruwa yana sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, ciyawa tana neman yanka kusan kowane mako. A Kano da Katsina da Maraɗi damina daga Yuni ne zuwa Satumba, sauran watanni sai gidajen da ke da rijiyar burtsatse suna ban ruwa. Babban injin da zai mayar da kuɗinsa a damina ɗaya a Abuja zai iya ɗaukar biyu ko uku a can, don haka mai sana'a a arewa mai nisa ya fi buƙatar ganin takardar kwangila a hannu kafin ya taɓa mai inci 48. Mai gidaje goma zuwa ashirin, ƙarami na sana'a da injin kafaɗarsa sun ishe shi, kuma in jari ya ƙaru, ƙarami na biyu ya fi masa babba ɗaya amfani: yara biyu su yi gida biyu lokaci guda, in ɗaya ya lalace aiki bai tsaya ba.

Lokacin saye mafi kyau shi ne Janairu ko Fabrairu, sa'ad da babu mai neman injin ciyawa kuma mai kaya ya gaji da ganinsa. Kada ka zuba duk kuɗinka a kan injin; ka rage abin da za ka canja baƙin mai da fulogi da matacin iska da tiyon fetur, ka sayi bel na ajiya da wuƙa saiti biyu. Wuƙar ka riƙa wasa ta bayan kowane kwana biyu ko uku na aiki, don dakusasshiya yaga ciyawa take yi, bakinta ya yi fari bayan kwana biyu. Bayan wasawa ka rataye ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya ƙasa, a ƙara goge shi har ta tsaya daidai, sannan a ɗaura.